Garinmu a Jiƙe

A ofishin da na daɗe ina wa aiki, ba ni ke sa hannu a manyan takardu ba, ba ni ke magana da 'yan kwangila ba, ko makullin motar ofis ba a taɓa damƙa mini ba. Ni dai mai jadawali ne. Aikina in zauna da kalanda da jan biro, in rubuta cewa ƙauye kaza ranar kaza za mu je. Abokan aikina na kirana mai kalanda, kuma na san ba don girmamawa ba ne. Sau ɗaya tak na taɓa amfani da wannan ɗan iko nawa don biyan buƙatar raina, kuma ban tashi gwada shi a kan kowa ba sai a kan mutumin da ya rene ni.

Aikin ofishin shi ne raba tallafin raya karkara. Ba a ba mutum ɗaya, sai ƙungiya. Kowane ƙauye zai kafa ƙungiyarsa ta ci gaba, da shugaba da sakatare, da mata a cikin kwamiti, su yi rajista, sannan mu je. Aiki ɗaya ake yi wa gari, ba biyu ba, kuma mutanen garin ne ke zaɓa da hannunsu. Sai mu kafa zana a dandali, mu jera kwanuka a bayanta, kowane kwano da hoton aikin da ake so a gabansa, ko rijiyar burtsatse, ko aji, ko ɗakin shan magani. Kowane baligi ya karɓi ƙuri'arsa, ya zagaya bayan zanar shi kaɗai, ya jefa inda ransa ke so.

Da farko gyaɗa muke rabawa a matsayin ƙuri'a, sai muka lura mutane na cinye ƙuri'arsu tun kafin layi ya zo kansu. Muka koma masara. Wata rana muka tafi sallar azahar muka bar kwanuka a ƙasa, kafin mu sallame kaji sun rushe zaɓen gari guda. Tun daga nan muka koma tsakuwa, wadda muke shafa wa shuɗin fenti a bayan ofis mu tafi da ita a buhu, don kada wani ya duƙa ya ƙara wa kansa ƙuri'a daga ƙasa. Doka ɗaya ce ba ta lanƙwasuwa ko don wa: wanda ƙafarsa ba ta taka dandalin ba a ranar zaɓe, ba shi da tsakuwa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ta rasu ina ƙarami sosai, ko fuskarta ban riƙe ba, mahaifina kuwa ya riga ta tafiya. Kawu ya je ƙauye ya ɗauko ni ya kawo ni gidansa a unguwar Kawo a Kaduna, ya haɗa ni da 'ya'yansa, bulala ɗaya, kwano ɗaya. Shi ya sa ni makaranta, shi ya yi ta zarya har na sami aiki, shi ya nema mini aure, shi ya zaɓa mini gidan da nake haya a Rafin Guza don kada in yi masa nisa. Abu ɗaya ne bai taɓa ba ni ba, labarin mahaifiyata. In na tambaya sai ya ce Allah ya jiƙanta, ya jawo rediyo ya shiga neman tasha. Tun ina tambaya har na bari.

Da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, sai duk ƙarfin da yake kaiwa ofis ya juye shi a kan ƙungiyar ci gaban garinmu, reshen Kaduna, wadda shi ne shugabanta tun ranar da aka kafa ta. A garejin gidansa ake taro, Lahadin farko na kowane wata. A turo mota waje, ni kuma in jera benci, don wannan aikin nawa ne tun ina sakandare kuma girma bai sa an sauke mini shi ba. Akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan sakatariya, akwai wani tela daga Kinkinau mai yawan neman izinin magana, akwai direbobi biyu daga tashar Kawo. Suna da hatimi, suna da takarda mai tambari, suna da ajanda. Ba wanda zai ce ba sa son garinmu. Amma sau ɗaya suke zuwa a shekara, bayan an gama girbi, lokacin da hanya ta bushe. Su yi taron shekara a gindin tsamiya, a yi jawabai, su dawo da buhunan masara da wake a bayan mota.

Burin Kawu ɗakin taro ne. Har zanensa ya sa an yi masa, ya saka a gilashi ya rataye a bangon gareji, da dandamali da jerin tagogi da wani ɗan fili a gefen ƙofa inda za a rubuta sunayen waɗanda suka yi ƙoƙari. Asalin maganar kuwa, wata shekara ya gayyaci wani babban baƙo taron shekara, ana tsakiyar jawabi a gindin tsamiyar nan wani tsuntsu ya sauke wa baƙon abin da ya sauke a kan hula. Baƙon ya yi dariya ya goge, ya manta. Kawu ne bai manta ba.

Ranar da sunan garinmu ya fito a jerin waɗanda za su sami tallafi, ban kai gida ba ya aiko a kira ni. Na same shi a tsakar gida a kan kujerarsa ta roba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Na ji sunan garinmu ya fito," in ji shi.

"Ya fito, Kawu."

"Alhamdu lillahi. Ka ga amfanin mutum ya sa ɗansa a boko. To maganar ɗakin taron nan dai ka san da ita."

"Kawu, ai ba mu ke zaɓa ba. Mutanen gari ne ke zaɓa."

Ya sauke tabarau ya dube ni. "Mu kuma mutanen ina ne? Daga sama muka faɗo?"

Ashe ya riga ya karanta littafin dokokinmu fiye da yadda ni na karanta shi. Duk wanda aka haifa a garin, yana cikin ƙungiya, kuma ya halarci dandali ranar zaɓe, yana da tsakuwarsa. Ya ce bas biyu zai ɗauka a tashar Kawo, kowa da iyalinsa. Na kuma san sauran lissafin da bai faɗa ba. Rabin magidantan garin Kawu ne ya samar wa 'ya'yansu makaranta ko ya rubuta musu takarda zuwa wani ofis. In suka gan shi tsaye a dandali da babbar rigarsa, ko zana goma aka kafa, kunya za ta bi su har bayanta.

Washegari na je na faɗa wa shugabarmu cewa garin nan garinmu ne, kuma shugaban reshen Kaduna kawuna ne. Hajiya mace ce da ba ta dariya kafin azahar. Ta ce ta ji, kuma daga yau kada in taɓa tsakuwa, kada in taɓa kwano, kada in kusanci zana. "Kai dai kalandarka," in ji ta. Na ce to, har da godiya, don a lokacin ni ma ban san kalanda na iya yin wani abu ba.

Cikin makon nan Goggo ta zo Kaduna a duba mata ido, ta sauka a gidana. Taubashiyar Kawu ce, tun suna yara suke tsokanar juna, kuma ita kaɗai na sani a duniya da ke iya faɗa masa magana son ranta a gaban mutane ya haɗiye. Ita ce kuma shugabar mata a ƙungiyar da ke can gida. Ta zo mana da daddawa da kuka, ta miƙe ƙafa a tabarma, matata na tankaɗe a gefe, na tambaye ta me mata za su zaɓa.

"Kwalbati," ta ce, ko tunani ba ta tsaya yi ba.

Akwai wani rafi tsakanin garinmu da babban titi. Da rani yashi ne zalla, mota na wucewa ba ka ma san ka haye komai ba. Goggo ta ce da damina kuwa in ya cika, sai gari ya kwana uku ba shiga ba fita. Tumatir ya ruɓe a kwando, malaman firamare su tsaya a tsallake su juya, mace in naƙuda ta zo da gardama sai a cire ƙyauren ɗaki a ɗora ta a kai, maza su ɗaga sama su shiga ruwa da ita suna salati.

"Mu ba gada muke nema irin taku ta Kaduna ba," in ji ta. "Abin da dai mutum zai taka ya wuce."

"Kin faɗa wa Kawu?"

"Sau nawa? Cewa ya yi wannan rafin ko akuya ba ta jiƙa kofato a cikinsa. Ɗan nan, kawunka tun da ya fara sa dogon wando bai ƙara ganin garinmu a jiƙe ba. Sai an gama girbi ya zo mana da farin takalmi yana taku ɗai-ɗai."

Maganar nan ta bi ni har ofis. Na buɗe kalanda, na tarar gurbi biyu ne suka rage. Ɗaya a tsakiyar Agusta, ɗaya a ƙarshen Nuwamba. Na daɗe ina juya biro. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na san abin da nake yi. Amma Allah ya sani niyyata ƙarama ce. So nake Kawu ya tuɓe farin takalmin nan, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya ji sanyin ruwan a ƙafarsa sau ɗaya kafin ya karɓi tsakuwa. Na rubuta Agusta da jan biro, na kai wa Hajiya, ta sa hannu ba ta ko ɗago kai ba.

Da na faɗa wa matata, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Ni dai ba da ni aka yi ba. In Kawu ya gane, kada ka kuskura ka ce na sani."

Abin da ya fi damuna shi ne yadda Kawu ya karɓi ranar. Ya duba takardar ya gyaɗa kai, ya ce madalla, gara a yi da wuri kafin masu surutu su juya wa mutane tunani. Har ya yaba mini a gaban taro, ya ce yaron nan ya san aikinsa. Tela ya nemi izinin magana ya goyi bayan yabon. Ina tsaye a gefen benci ina murmushin dole.

Al'adarmu ce mu riga zuwa da kwana ɗaya, don mu zauna da mata daban, da maza daban, mu bayyana yadda zaɓe yake. Muka bar motar ofis a kan tudu ta ɓangaren titi, muka haye da ƙafa. Ruwan iya gwiwa ne, daidai yadda na yi oda. Hajiya ta tattare zani ta wuce, ni kuma ina biye da ita ina jin daɗin kaina.

Da gari ya waye sai na ji wani ruri daga gabas kamar ana niƙa. An kwana ana ruwa a can sama inda rafin ya taso. Na sauka bakin rafi da gudu, na tarar ya zama wani abu dabam, ja wur, yana tafe da karan masara da reshen itace, har da wani kwando da ba a san mai shi ba. Wani saurayi ya shiga don ya gwada, ruwan ya kai masa ƙirji. Ni gwiwa na roƙa, aka ba ni har da gyara.

Da hantsi bas biyun suka iso. Daga tsallake muna ganinsu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, duk cikin anko na farar shadda wadda telan Kinkinau ya kwana biyu yana ɗinkawa. Kawu ne a gaba, babbar riga, farin takalmi, zanen ɗakin taro a hammata cikin gilashinsa. Suka taho da fara'a har bakin ruwa, sai fara'ar ta tsaya a nan. Mutanen gari kuwa kusan duk sun sauko kallo, yara a kan bishiya, mata a kan tudu.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na duba, na mayar da kai gefe kamar mai duba gona.

Muryar Kawu ta ratso ƙarar ruwan. "Kai! Ina ganinka fa! Ɗauki wayar nan!"

Na ɗauka.

"Mene ne wannan?"

"Rafi ne, Kawu."

"Na san rafi ne! Yaushe ya zama haka?"

"An ce kowace damina haka yake yi."

Ya sake duban ruwan. Sannan ya ce in ba shi Hajiya. Ya gaishe ta da harshen manyan ma'aikata, ya kawo shawara cewa tunda hali ya yi, a ɗauko kwanuka da zana a kawo musu tsallake. Hajiya ta ce, "Ranka ya daɗe, in kwano zai iya hayewa, ai mutum ma zai iya." Amma ta yi masa alfarma ɗaya, ta ce ba za a rufe zaɓe ba sai bayan la'asar, duk wanda ya iso kafin nan yana da tsakuwarsa.

Samarin gari suka ɗaure igiya daga wannan bishiya zuwa waccan. Telan ne ya fara tuɓewa, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Ya naɗe shaddarsa ya ɗora a ka, ya kama igiya, ya shigo yana kiran sunayen Allah ɗaya bayan ɗaya. Sakataren ƙungiya ya biyo shi da littafin taro a baki, ruwa ya tafi da hularsa yana kallo ba halin magana. Haka wasu suka yi ta ƙarfin hali suna hayowa, su fito suna rawar sanyi, mata na yi musu sannu da wata irin murya da ba ta sannu ba ce.

Zanar da muke kafawa tana hana ido gani, amma ba mu taɓa tunanin kunne ba. Kwanukan na ƙarfe ne. In tsakuwa ta faɗa kwanon da ba komai a ciki, ƙara take yi har dandali ya ji. In ta faɗa wanda ya cika, sai dai ka ji ɗan tim. Tun kafin azahar kowa ya gane kwanon ɗakin taro ne ke ƙara, na kwalbati kuwa ya daina. Sakatare ya karɓi tsakuwarsa, ya zagaya bayan zana, duk dandali ya yi tsit. Ba mu ji ƙara ba. Ya fito yana duban ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Ta telan ma ba mu ji ba.

Kawu bai haye ba. Shekaru sun ja, ga ciwon gwiwa, kuma ko ya so ba wanda zai bar shi. Direba ya ciro masa kujera ya zauna a bakin ruwa, zanen a kan cinyarsa. Ni kuma tunda an hana ni kusantar zana, sai na koma bakin rafi na tsaya ta wannan gefen, muna kallon juna kamar masu jiran mota ɗaya. Can wata yarinya budurwa ta taho daga ɓangaren titi, da ƙaninta a wuya da ƙullin kaya a ka, ta kama igiya ta shigo ruwa ba ta ko tsaya shawara ba. Na ga Kawu ya bi ta da ido har ta fita.

Daidai nan Goggo ta sauko, ta riga ta jefa tsakuwarta, ta ɗaure gyale a ƙugu. Ta sa hannu biyu a baki ta ƙwala masa kira.

"Ɗan birni! Tuɓe takalmin ka zo in goya ka! Ai ba yau aka fara goya ka a rafin nan ba!"

Duka gaɓar biyu aka kwashe da dariya, har mutanensa masu anko. Na jira ya rama, don bai taɓa barin ta ta ci bulus ba. Bai rama ba. Ya miƙe a hankali, ya shiga bas ya zauna, ya ja gilashin taga. Nan take na daina dariya. Da aka ƙirga bayan la'asar, kwalbati ya cinye da nisan da ba ya buƙatar a sake ƙirgawa.

Daga nan Kawu ya ɗauke mini wuta. Bai zage ni ba, bai tambaye ni komai ba, da ma ya zage nin da na fi samun sauƙi. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nakan bi ta Kawo in gaishe shi kamar yadda na saba. In durƙusa, in ce Kawu barka da Juma'a, sai in ji "lafiya" ta fito daga bayan jarida, shi ke nan. Mama, matarsa da ta rene ni, ta riƙa zuba mini abinci a kicin tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ɓoye ɓarawo. Lahadin farko na wata na zo da wuri don jera benci, na tarar an riga an jera, a karkace kuma. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na ji tsoro ƙwarai, don ba ni da wani uba bayan shi, kuma na san da hannuna na jawo. Wani lokaci in ce na yi daidai, wani lokaci in ce wa ya aike ni. Matata kuwa ba ta taɓa cewa ai na faɗa maka ba, sai dai ta dube ni ta ci gaba da abin da take yi, wanda duk ɗaya ne.

Ƙungiyar da ke can gida ce ta riƙe aikin, kamar yadda tsarin yake. Da ruwa ya ɗauke aka fara. Maza suka haƙa, mata suka ɗebo yashi, Goggo ta kafa kujera a bakin aiki tana lura da kwaɓin siminti da idon da aka gyara mata a Kaduna, har magina suka riƙa roƙon a aike ta wani wuri. Aka gama, aka sa ranar buɗewa. Wannan karon ba ni na sa ranar ba.

Kawu ya zo da ayarinsa, cikin farar shaddar nan dai. Shi aka ba jawabi. Ya tsaya a kan kwalbatin, busasshen yashi a ƙarƙashinsa, ya bayyana wa jama'a cewa reshen Kaduna ya daɗe da hango muhimmancin wannan aiki. Sakatare na rubutawa da sabuwar hula a kansa. Goggo ta rangaɗa guɗa mai tsawon da kowa ya san ba ta yabo ba ce. Da aka watse ina neman motar ofis, sai na ji an jefo mini makulli a ƙirji.

"Kai za ka ja ni," in ji Kawu, bai ko dube ni ba.

Tun daga garinmu har muka shigo cunkoson Kawo taga kawai yake kallo. Na ratsa 'yan acaba da masu tallar lemo a bakin tasha, na shiga layinmu, na saka motar a gareji na kashe. Rana ta yi sanyi, ba a kira magariba ba tukuna. Zanen ɗakin taron na nan a bango inda yake. Na jira ya fita, bai fita ba.

"Wa ya sa ranar nan ta Agusta?"

"Ni ne, Kawu."

"Da gangan?"

"Da gangan. Amma wallahi gwiwa na yi nufi, ban yi nufin ƙirji ba."

Wani sauti ya fito masa ta hanci, wanda a wurin Kawu dariya ce. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon bango.

"A lokacinmu makaranta a tsallake take," ya ce. "Ni kuma ƙarami ne, ga tsoron ruwa. Uwarka ce ke goya ni. Duk damina, kullum. Ta ɗora jakata a kanta, ta ce in rufe ido in riƙe wuyanta, ta haye da ni, ta sauke ni, ta koma ta ɗauki fartanya. Ita ba a sa ta makarantar ba. In an tashi kuma in tarar da ita a bakin ruwa tana jirana."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu, ban yi motsi ba, don kada ya tuna da rediyo.

"Doguwa ce," ya ce. "Duk gidanmu ba mai tsawonta. Inda ruwa ke kai wa wasu wuya, ita a ƙirji yake tsaya mata, shi ya sa ita ake sawa ta goya ni. Duk bokon nan da nake taƙama da shi, a bayanta na haye na samo shi. Sai ga ni a gaban mutane ina cewa akuya ba ta jiƙa kofato a wurin."

Ya mayar da hularsa, ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafar da ke masa ciwo a hankali. Ya riga ya juya baya sannan ya ce, "Taurin kan nan naka ma nata ne. Lahadi ka zo da wuri, waɗannan ba su iya jera benci ba."

Ya shige cikin gida, na ji yana tambayar Mama ruwan alwala. Ni kuwa na kasa fitowa daga motar. Na zauna a garejin nan ina share fuska da hannun riga har aka kira salla. Ina da mata, ina da 'ya'ya, furfura ta fara fito mini a gemu, amma sai ranar na san mahaifiyata doguwa ce.